Za Su Tayar Mini da Shi Tsaye

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin idon nan. Mu ma alhamdulillahi, Inna ta warware, har ta koma yi wa jikoki faɗa.

Yaya, a kan Baban yara nake rubuto miki. Kin san tun da ciwon ƙugu ya raba shi da garejin, sai da sanda yake takawa. Jiya na raka shi asibiti, likita ya ce aikin iri biyu ne. Na farko, a datse kan ƙashin cinya da zarto, a cusa ƙarfe cikin ɓargo, a sa sabon kai. Zai yi tafiya lafiya, amma sai ya yi hankali da gudu da ɗaukar nauyi. Na biyu ba a datsewa, kankare kan ƙashin ake yi a kifa masa hular ƙarfe. Wai wannan na masu ƙwarin ƙashi irinsa ne. Likitan, bawan Allah, ya dube ni yana murmushi, ya ce in sha kurumina, mijina zai dawo yadda yake a da.

Yadda yake a da fa! Ke kika gasa mini haƙarƙari ranar da ya tattake ni a ƙofar kicin, kin kuma san inda haƙorina na gaba ya tafi. Ciwon nan kaɗai ya raba ni da duka, don in ya ɗaga sanda sai in matsa, ba ya iya cim mini. Yanzu jifa yake yi. Makon jiya ya wurgo mini sifana, na sunkuya, ta tarwatsa gilashin taga. Jiya kuwa muna fitowa daga wurin likita ya damƙe wuyan hannuna har ya kumbura, ya ce na biyun ya zaɓa, kuma duk matsawar da na yi yana sane da ita.

Allah na gani, ban taɓa yi masa fatan gurguntaka ba. A yi masa aikin, ya miƙe. Amma ni tsoro nake ji, Yaya, kuma ba zan tsaya in ga ranar da zai ajiye sandar nan ba. Ana shigar da shi ɗakin tiyata zan kwashi yara mu nufi tasha. Ki share mana ɗakinki na baya.

Ki gaida maigidanki, da Goggo, da 'yan biyunki. Ki gaida Kawu ma, amma don Allah kar ya ji, cewa zai yi in ƙara haƙuri.

Ni ce ƙanwarki,
Auta