Kujerar da Aka Ba Sabri a Gonar Rake

Asabar, 7 ga Janairu

An fara saran rake. Sabri ƙanena ya same ni ina wasa adda, ya ce, "Yaya Dahi, yi wa Baffa Hishmat magana ya sa ni cikin masu sara." Na ɗauka wasa yake. Tun da ya dawo daga jami'ar Asyut da takardar injiniya yake zaune, ya nemi aiki har takalminsa ya cinye. Garin nan kuwa ba mai kiran sunansa, sai Bashmuhandis, babban injiniya. Har Umma.

Talata, 10 ga Janairu

Ya bi ni gona. Baffa Hishmat, shugaban ma'aikatanmu, yana hango shi ya miƙe tsaye, ya sa aka kawo kujera ƙarƙashin dabino, da shayi. Sabri ya ce aiki ya zo. Baffa ya yi dariya: "Haba Bashmuhandis! Ka riƙe adda, wa zai ƙara sa ɗansa makaranta a garin nan? Zauna ka sa mana albarka."

Ya zauna har azahar. Shayin ya huce a hannunsa.

Juma'a, 20 ga Janairu

Ya gwada gidan burodi, ya gwada wajen magina. Ko'ina kujera da shayi.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Yau bai tambayi kowa ba, ya sunkuya ya ɗau damin rake ya nufi mota. Kowa ya tsayar da aiki. Wani ya ce, "Dahi, kana kallo?" Ban san lokacin da na isa na fizge damin ba.

A hanyar gida ya ce, "Kun saye ni kun rataye a bango." Na ce saniyarmu da gonar Baba ta bakin ruwa da aka sayar don karatunsa suna cikin takardar injiniyan nan. Ni ma ina ciki, tun ranar da aka cire ni daga aji shida. Ya ce, "To ku ci takardar mana." Bai ci tuwo ba... ni ma ban iya ba.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Ya tafi Alƙahira da jirgin ƙasa na safe. Umma na gaya wa maƙwabta wani kamfani ne ya kira shi. Ba wanda ya kira shi.

Alhamis, 2 ga Maris

Ɗakinmu ya yi mini faɗi. Ban taɓa jin haushin karatunsa ba, Allah shaida. Da yana karatu nakan buɗe littattafansa in kalli zane-zanen, in ji kamar tare muke tafiya. Dama na ce in ya samu ofis zan je sau ɗaya, in zauna a bakin ƙofa, in ji yadda ake gaishe shi. Shi ke nan abin da na nema.

Litinin, 20 ga Maris

Jiya na bi motar tumatir zuwa babbar kasuwar kayan gwari ta Alƙahira, don wani direba ya ce ya ga Sabri can. Gaskiya ne. Riga duk ruwan tumatir, akwati a kafaɗa. Wani mai tumbi yana daka masa tsawa, "Kai ɗan ƙauye, ƙafar aro gare ka?" Shi kuma yana ramawa, "Sauke tumbin ka zo mu yi tsere!" Dariya yake. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin Baba ya rasu.

Da ya gan ni ya tsaya cak. Hannuna har ya tafi kan akwatin. Sai ya ce, "Yaya, ko ka ɗora mini na biyu, ko ka matsa." Na ɗora masa. Nauyi ne da shi, na ga ƙafarsa ta yi rawa, bai faɗi ba.

Da rana muka ci wake da burodi a gindin mota. Kwano biyu ya cinye, ya hana ni biya.

Da na dawo Umma ta tare ni a ƙofa: "Ofishin babba ne?" Na ce wurin babba ne, kuma yana cin abinci sosai. Ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah.

Tafin hannunsa ya fara kanta irin tawa. Na yi kuka a bayan mota har muka wuce garin Minya, ƙura ce wataƙila. Ban ce masa ya dawo ba.