Rigar Baba da Furen Mayen Ƙarfe

Unguwar Nasarawa,
Birnin Kebbi.

Zuwa ga Yayana Abdussamadu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Balki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙe maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, wanda uwargidanka ta riga ta tsegunta mini. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi kyau bana, shinkafar fadamar Ambursa ta yi yadda ake so, matar ɗana Zayyanu kuma ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace mai irin hancinka, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, kullum da nata ƙorafin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Dalilin shi ne a waya kafin in kai rabin magana ka katse ni, wannan kuwa ina so ka ji ta har ƙarshe kafin ka yi fushi. Yaya, mun fito da rigar Baba daga cikin adaka, kuma ƙaninmu Ummaru ya sa ta. Ban manta ba, ranar sadakar arba'in ɗin Baba, shekara goma sha ɗaya ke nan, kai da hannunka ka ninke babbar rigar saƙin nan tasa ta Sallah, ka damƙa mini makulli, ka ce kada wanda ya sa ta, kada allura ta taɓa ta, domin saƙin ya tsufa, huda ɗaya na iya farka shi har ƙasa. Na riƙe amanar nan duk tsawon shekarun, sai a watan jiya na karya rabinta.

Ka san Ummaru ya cika shekara talatin da biyar yana koyarwa a Argungu, makarantarsu ta shirya masa taron ban kwana. Sau biyu yana zuwa mini da maganar rigar ina korarsa. A na uku bai roƙe ni ba, ya zauna bakin tabarma kawai, ya ce Baba ne ya ɗauke shi a keke ya kai shi wurin aiki ranar farko, yana so a ce da wani abu na Baba a jikinsa ranar ƙarshe. To, Yaya, wa zai ji wannan ya riƙe makulli? Na buɗe masa. Sai bayan ya tafi hankalina ya dawo jikina, na tuna abin da ake yi a irin wannan taro: duk wanda aka zaunar a babban tebur, 'yan mata ne za su zo da furen ƙyalle da fil su soka masa a ƙirji, kuma furen mai taro shi ne mafi girma da nauyi. Kwana biyu tuwo bai yi mini daɗi ba.

Maƙwabciyata Alake ce ta cece ni, Bayarabiyar nan mai shagon kayan ado a bakin layinmu, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Da na kai mata kukana ta yi dariya, ta ce ai yanzu masu leshi mai tsada sun daina yarda da fil. Ta zaro wasu mayun ƙarfe ƙanana, kowane bai wuce maɓallin riga ba. Ga yadda ake yi: a liƙa ɗaya da gam a bayan furen, a bar shi ya bushe sarai, ɗayan kuma a riƙe shi ta cikin riga, sai su kama juna da kansu, tufa tana tsakaninsu ba huda ba tabo. Ta koya mini in naɗe na cikin da ɗan ƙyalle mai laushi don kada ya goge saƙin, in kuma ɗiga jan farce a fuskar da ke kamawa, domin in aka juya shi baibai, maimakon ya jawo furen, tunkuɗe shi yake yi. Ta ja mini kunne a kan abu biyu: kada in bar su inda jikoki za su kai baki, kuma kada a ɗora furen a kan wurin da aikin zare ya yi kauri, don a nan kamun ba ya ƙarfi.

Da yake ba zai yi kyau a ce furen mutum ɗaya ne daban ba, sai na aika wa Malama Priscilla, malamar da ke kula da shirin taron, cewa ni zan kawo furannin babban tebur duka. Ni da Alake muka yi kwana uku muna yanka da liƙi, har yatsuna suka yi kanta da gam. Abin da ba mu yi tunaninsa ba sai da muka isa Argungu ya bayyana. 'Yan matan da aka jera da faranti suka tsaya cirko-cirko, domin wace ɗiya ce za ta cusa hannu cikin rigar dattijo? Dole aka miƙa wa kowa mayensa ya riƙe da kansa. Wani tsohon masunci da aka gayyata bai kula da ɗigon ja ba, ya damƙe nasa baibai da ƙarfinsa na jan taru. Sau uku yarinya tana ɗora masa fure yana zillewa ya faɗi ƙasa. Ya dubi jama'a ya ce shi dai a hwaɗa mishi mi ya yi ma wagga fulawa da ta ƙi shi, ga ta zaune lafiya ga ƙirjin kowa. Rumfa ta kwashe da dariya, shi ma da aka juya masa abin ya kama, ya fi kowa darawa.

Ummaru kuwa, Yaya, da ka gan shi da ya fito, da sai ka nemi wurin zama. Tafiyar, da yadda yake tattare hannun rigar a kafaɗa, Baba sak. Na juya baya na share idona da gefen gyale. Amma ka san ƙaninka da kunnen ƙashi. Na gaya masa tun a gida ya sa furen a sama, wajen kafaɗar dama inda saƙin yake fili, shi kuwa ya ga ya fi kyau a tsakiyar aikin aljihu, inda zare ya fi ko'ina kauri. Ya miƙe zai yi jawabi, ya jawo sandar makirfo ya rungume ta a ƙirji kamar za a ƙwace masa. Yana cikin godiya ga iyayen yara, furen nan ya bar rigarsa ya koma jikin sandar ƙarfen ya manne, na cikin kuma ya sulale ya faɗi cikin rairayi. Yara suka fashe da sowa, shi bai ma san abin da ake yi wa dariya ba.

Sai na hango Malama Priscilla, baiwar Allah mai son ta ga komai ya tafi daidai, ta zare wani ƙaton fil daga ɗankwalinta, ta ciro furen, ta nufi ƙirjin Ummaru. Ba laifinta ba ne, ba wanda ya gaya mata sirrin rigar. Yaya, ni da nake hawa matakalar gidana da addu'a, ban san lokacin da na ƙetare filin nan a guje ba. Takalmina ɗaya ya tsaya a hanya, gyale yana jan ƙasa, na riƙe hannunta saura ƙiris bakin fil ya shiga. Cikin haki na ce mata ta yi wa Allah ta tsaya, wagga riga ta Babanmu ce, sato ta muka yi, in ta huje Yaya Abdussamadu ba zai bar mu da rai ba. Na manta sam cewa bakina yana dab da makirfo. Lasifika huɗu suka kwashi maganata suka watsa, ina jin har masu sayar da kifi a bakin gulbi sun ji sunanka. Ka ga dalili na biyu na wannan takarda, gara ka ji daga bakina kafin direbobin albasa su kawo maka labarin da ƙarin gishiri.

Na ciro wani mayen daga jakata, na cusa hannu cikin rigar Ummaru da kaina, tunda ni na goye shi ba mai ce mini komai, na kafa furen inda ya kamata, ya zauna daram har aka tashi. Ana watsewa sai ga jikokin Malam Hodi sun riƙo shi. Ka tuna shi, abokin Baba mai ɗinkin hannu na tsohuwar kasuwa. Idonsa ya tafi gaba ɗaya, amma kunnensa ya ji abin da lasifika ta faɗa. Ya ce a kai shi ga rigar. Ya bi aikin aljihun da yatsunsa sannu a hankali, ya ce shi ya yi shi, wata huɗu yana kansa, har ya nuna mana inda zarensa ya ƙare ya ɗaura wani. Ya shafa bayanta, ya tsaya a kan layin ninki, ya ce nan ta fara karyewa, kuma ba sawa ce ta jawo haka ba, ajiya ce, don saƙi yana son iska da jikin mutum. Sannan ya tambaya ina babban yayanmu, don Baba ya gaya masa tun ana ɗinkin cewa a yi ta da faɗi, Abdussamadu zai fi shi kafaɗa.

Na duba da idona da muka dawo gida, na ɗaga ta a rana. Ba huda ko ɗaya, wannan rabin amanar na cika maka shi. Amma maganar Malam gaskiya ce, layin ninkin ya yi fari, zaren ya fara saki. Yaya, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ba tsoron allura ne kaɗai ya sa ka kulle rigar nan ba, ba ka iya ganinta babu Baba a ciki ne, kuma tun ranar ba ka sake yin Sallah a gida ba. Ban ga laifinka ba, ni ma na yi kewarsa, amma kewarka ta fara fin tasa damuna, don kai kana da rai. In fushi za ka yi, yi da ni, Ummaru roƙo kawai ya yi, ni na juya makulli.

Ka gaishe mini da Yaya Balki, ka ce mata na sa mata furanni shida da mayunsu a cikin ƙullin da na haɗo da wannan takarda, ta gwada a mayafinta. A gaida Nafi'u da Rabi da ƙannensu. Ummaru yana gaishe ka daga nesa, ya ce sai ya ji yadda ka karɓi takardar kafin ya kunna wayarsa. Zayyanu da maijego da Alake duk suna gaisuwa, Malam Hodi kuma ya ce a gaya maka shekarunsa sun yi nisa, kada ka sa shi dogon jira. Rigar ban mayar da ita adaka ba, kuma ba zan mayar ba. Na rataye ta a ɗakin Baba, na buɗe taga. Saura wata biyu Babbar Sallah, ka zo ka sa kayanka.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai laifi,
Jannatu.