Dawa Ta Rufe Lilon Yaran Unguwarmu

Zuwa ga Alhaji, shugaban kwamitin da ke kula da filin wasan yara na unguwarmu, a nan birnin Tawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina yi mana barka da damina. Na je gidanka aka ce kana Affala wajen ta'aziyya, na sake komawa aka ce ka wuce gona. Shi ya sa na rubuta wannan takarda a fili, ko Allah zai sa ta riske ka. Ka yi mini haƙuri in ka ga maganata tana gaba tana baya. Kaina ne a ɗaure, har yanzu ban san ko ƙara na kawo maka ko tambaya ba.

Sunana Isufu. Kamar yawancin mazan Adar, rabin shekarata a Abijan nake yin ta, ina tallar takalma. In ruwa ya sauka in dawo in yi noma, in an kai dami rumbu in koma. Ina da yarinya da ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, bana. Ba zan rubuta sunanta ba, ɗiyar fari ce, kai ma ka san yadda abin yake.

Na ɗaya: alkawarin da na ɗauka.

Da rani, ina can, mai ɗakina ta aiko mini da hoton ranar da kuka buɗe filin. Na ga shingen waya sabo, na ga lilo an shafe shi da fenti ja da kore, yara sun yi layi. Yarinyata tana gefe tana kallo. Tsoro take ji, kuma duk wanda ya hau, babansa ko yayansa ne ke tura shi, ita kuwa ba ta da yaya, ni kuma ina nesa. Da aka ba ta wayar ta ce da ni, "In ka zaka gida, kai za ka tura ni." Ranka ya daɗe, kullum uwarta ce ke sa mata magana a baki in za ta gaishe ni. Wannan ce magana ta farko da ta taɓa faɗa mini da kanta. Na ce mata to, in Allah ya yarda. Tun daga ranar ta ƙi yarda kowa ya ɗora ta a kan lilon.

Na biyu: abin da na tarar.

Na dawo da ruwan farko. Ta ɓuya bayan zanen uwarta kamar kowace shekara, na kuma ji tana gaya wa 'yar maƙwabta wai baƙonsu ya zo. Ban ji daɗi ba, amma na ce ai akwai lilo. Shuka da noma suka riƙe ni, safe gona yamma gona. Da hauya ta huta, wata Juma'a bayan la'asar, aka yi mata wanka aka sa mata rigar salla, muka kama hanya, ina gaba tana baya nesa da ni.

Muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Bayan shingen kuma ba fili, sai kore shar. Wallahi na zaci ɓatan hanya na yi, har na juya ina neman wanda zan tambaya. Ita ce ta nuna mini da yatsa: can tsakiya, ga ƙarfen saman lilon yana leƙowa ta kan ganye. Dawa ce, Alhaji, tun daga bakin ƙofa har ƙarshen shinge. Abin da ya ƙara ruɗa ni, maimakon in yi fushi, abin da ya fara fita daga bakina shi ne masha Allah. Bana ban ga dawa mai kyanta ba, har a cikin fadama.

Na uku: abin da mai gadi ya faɗa mini.

Baba Illa, dattijon nan mutumin wajen Kalfu da kuka ba gadin wurin, ya fito daga cikin dawar da hauya a kafaɗa. Muka gaisa sosai. Na tambaye shi cikin ladabi yadda aka yi filin yara ya koma gona. Ya dube ni kamar ni ne mai abin mamaki, ya ce, "Ɗana, wuri ga taki, ga shinge, ga ruwa na sauka, in zamna in dube shi hakanan? Mi za ni ce ma Allah?" Kuma gaskiya ne, da can wurin makwantar dabbobi ne, ƙasarsa baƙa wuluk. Ya ce kwaɗon kuwa don akwai takanɗa a cikin dawar, in yara suka gane tana da zaƙi, ko kara ɗaya ba za su bar masa ba.

Gaskiya ni ma da ni aka ba wurin ban san abin da hannuna zai yi ba. Ina nan tsaye ya karyo takanɗa guda, ya zuro wa yarinyar ta ramin shinge. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Baba." Alhaji, ni bana ban samu wannan kalmar daga bakinta ba. Muka dawo gida tana tauna takanɗarta, ni kuma ko abincin dare ban iya ci ba.

Na huɗu: wa ya ba da izini?

A nan ne kaina ya ƙarasa ɗaurewa. Baba Illa ya ce kai ka ce masa ya ɗan taɓa gefe. Mataimakinka, Malam Asumana, ya ce wake kawai aka amince ya jera a gindin shinge don ya tare rairayi, dawa kuwa wai a bakina ya fara jin labarinta, alhali kullum ta nan yake wucewa a kan babur. Matan da ke ɗibar ruwa a famfo sun ce in an girbe, kwamiti ne zai raba. Ban san wanda zan gaskata ba, kuma ban zo in tozarta kowa ba. Wani maƙwabcina ma dariya ya yi mini, ya ce wato so nake a sare abinci yana tsaye don yarinya ta yi lilo? 

Na biyar: me ya hana ni ɗaura mata igiya a gida?

Kowa wannan yake tambayata, tunda akwai itacen dogon yaro a tsakar gidanmu. To, a gindinsa mahaifiyata ke wuni. Ta yaya zan tsaya gabanta ina wasa da ɗiyar fari? Ko ɗaukarta na yi, sai gwaggwannina sun yi kwana da kwanaki suna yi mini tsiya. Ban raina al'adarmu ba, a cikinta aka rene ni, ni ma mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Amma a hoton nan da aka aiko mini, na ga magidanta tsaye bayan 'ya'yansu, ba mai kallon wani, don kowa abin da yake yi ke nan. Na ce ashe an samu wuri ɗaya a garin nan inda mutum zai tura 'yarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Na ɗauka don haka kuka gina shi. In kuskure na yi, a gaya mini.

Na shida, kuma shi ne mafi nauyi: lokaci.

Baba Illa ya yi alkawarin buɗe ƙofa da zarar an yanke dawa. Amma kai manomi ne, ka san gero ke riga dawa nuna, da tazara mai yawa. Gerona ya kusa yanka. Ƙanena ne ke riƙe mini wurin sana'ata a Abijan, kuma ni yake jira ya taho gida, ba halin in ƙara kwanaki. Ka ga ke nan filin yana buɗe da rani, lokacin da mu iyaye maza 'yan ci-rani ba ma nan, ƙarfen kuma yana ƙona cinyar yaro har kusan magariba. Da damina kuwa, da muke gida, yamma ta yi sanyi, a kulle yake. Na juya wannan lissafin ta kowace fuska, bai zauna mini ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne, rabin mazan layinmu tare za mu hau mota.

Ga roƙona.

Ban ce a sare dawar Baba Illa ba. Hannuna ba zai iya ba, bakina ma ya ƙi faɗa. Ina roƙo a fitar da 'yar hanya, faɗin mutum ɗaya, daga ƙofa zuwa lilon, a kuma share inda yake kaiwa da komowa. Karan da suka faɗi, zan mayar masa da gero daga gonata, da hannuna zan kai masa damin.

Ina roƙo a buɗe ƙofar ko da ranar Juma'a kaɗai bayan la'asar, kowane yaro da babbansa riƙe da shi, Baba Illa yana tsaye yana tsaron takanɗarsa.

Baɗi kuma ku zauna ku yanke: gona ce ko filin wasa? In duka biyun ne, a shuka abin da ba ya wuce gwiwa. In gona ce, a cire lilon, yara su daina tsayawa bakin shinge suna kallon ƙarfe.

Jiya ina gyaran igiyar ɗaurin dami a zaure, na ji yarinyar tana tambayar uwarta a hankali, wai in an yanke dawa, baƙon nan yana nan? Uwar ta ce ta je ta tambaye shi da kanta. Ba ta zo ba tukuna. Da safen nan na ga ta leƙo zauren ta koma.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka. Allah ya sa albarka a dawar Baba Illa, ya kare ta daga tsuntsu da fari. Ni kuma ina roƙon Allah ya sa amsarka ta riga tambayarta isowa gare ni, don ban san abin da zan ce mata ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isufu, manomi da damina, mai tallar takalma da rani.