Zanen Goyo Biyu

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Yaya maigida da yara?

Ƙafafuna sun daɗe da kumbura. Uwar mijina ta ce tagwaye ne, har ta sayo zanen goyo biyu a kasuwar Kore Mairuwa. Fitsarina yana kumfa, amma cikin fari ne, kunya ta hana ni faɗi.

Jiya aka auna fitsarin a asibitin Dogon Dutsi. Ungozoma ta ce ƙodata tana wahala, jinina ya hau, kuma ɗa ɗaya ne. Sun ba ni gado. Ban yi kuka ba, bango kawai nake kallo.

Ki gaida kowa. Ki roƙa mini Allah in goya da ko zane ɗaya.

Ƙanwarki,
Rabi