Motar da Ba Ta Yin Sallama

Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Sharhabilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Safara'u da yara duka. Allah ya sa wa kasuwarku ta Guangzhou albarka, ya sauƙaƙa muku zaman baƙunta, ya dawo mana da ku lafiya. Mu ma nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Ciwon gwiwar mahaifiyarmu Hajiya ya lafa, har ta koma zuwa masallacin Juma'a da ƙafarta. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai a gonarmu ta hanyar Kiyawa. 'Yata Raihana ta shiga aji uku, ta ce in tuna maka da jakar makarantar da ka yi mata alkawari.

Ga inda magana take a yau. Na mayar wa abokinka Alhaji Zailani motarsa ta lantarki ranar Litinin, bayan makon da ya ba ni aronta in gwada. Ban ce masa zan sayi irinta ba, ban kuma ce na fasa ba. Saboda haka ina roƙonka ka dakata da lodin wadda ka ce za ka turo mini daga can, sai ka sake ji daga gare ni. Na san za ka ce Maharazu ya fara dogon nazarinsa na 'yan jarida. Wannan karon ba nazari ne ya tsayar da ni ba, wani abu ne ya faru, kuma na kasa faɗa maka a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara ba motar haƙƙinta. Duk abin da ka faɗa a kanta na same shi haka. Solar da muka sa a gida tana cika ta idan an bar ta tun safe har la'asar kwana biyu a jere, kuma idan an kawo wuta abin ya fi sauri. Na je Kano da ita na dawo ban tsaya a gidan mai ba, kuma tun da aka cire tallafin mai ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Ta hau burji ba ta yi gardama ba. Matsalar da na gani ita ce ta gyara: bakanikena ya buɗe gabanta, ya duba, ya rufe, ya ce shi injin ya koya, idan ta yi ciwo in kai ta wurin masu gyaran waya. A ofis kuma an yi ta yi mini tsiya. Ka san tsohuwar motata da fasasshiyar salansarta, wadda suke kira Mai Shela. Editanmu ya ce yanzu da na samu wadda ba ta magana, ba wanda zai ƙara sanin ƙarfe nawa nake zuwa aiki, wannan kuma ci gaba ne gare ni, koma baya gare shi. Har zuwa ranar Alhamis zuciyata ta gama yanke shawarar saye.

Ranar Asabar na ce bari in je in gaida surukina, Baffa Modibbo, mahaifin Hadiyya, a ƙauyensu da ke bayan Aujara. Kai ma ka yi karatu a gabansa, ka san irin mutumin da nake magana a kansa. Tun bayan babbar sallah aka ce mana ya yi ɗan rashin lafiya ya ji sauƙi. Na je dubiya ba sau ɗaya ba, kuma kullum ina samunsa yadda ka san shi: zaune a zaure kan buzu, da rawani, littafi buɗe a gabansa, Idirisu ƙanin Hadiyya yana gefe. Mukan gaisa a taƙaice, ya sa mini albarka, in tashi. Ban ga abin tambaya a ciki ba, domin tsakanin suruki da suruki a gidan Fulani dama gaisuwa ba ta tsawo. Ranar nan Hadiyya ba ta bi ni ba, tana gidan suna. Ban gaya mata zan je ba, ban kuma kira Idirisu ba. In faɗi gaskiya, so nake in ba su mamaki da motar.

Na sauka daga kwalta da hantsi, na bi ta kan kwalbatin nan, na shiga layin darbejiya. Mutane duk suna gona. Ko kare bai ɗaga kai ba. Daga baya na gane cewa motar tana da wata 'yar ƙara da take yi idan ana tafiya a hankali don masu tafiya a ƙasa, amma Alhaji Zailani ya kashe ta, wai tana damunsa. Hon kuwa ka san ba a danna shi a ƙofar gidan suruki. Haka na gangaro har gindin dangar gidan, inda ruwan bana ya kwantar da wani sashe, kuma kujerar motar tana da tudu. Kafin in taka birki idona ya riga ya faɗa tsakar gida.

Yaya, na ga Baffa Modibbo zaune a kan tabarma an jingina shi da turmi, kansa ba hula, zane kawai a jikinsa. Inna, mahaifiyar Hadiyya, tana durƙushe a gabansa da ƙwarya, tana ba shi fura da ludayi kamar yadda ake ba ƙaramin yaro, tana share masa haɓa da gefen mayafinta. Hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa, ba ya motsi. Bakinsa ya ɗan karkace. Mutumin da ban taɓa ganin yana shan ruwa ba tun da na auri 'yarsa. Ya ɗaga ido, idonmu ya haɗu. Inna ba ta ganni ba, ta ba ni baya. Shi kuwa sai ya kawar da kansa daga ludayin.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi damuna. Na sa ribas na koma yadda na zo, ban fito ba, ban yi sallama ba. A lokacin gani nake rufin asiri nake yi, cewa idan na ɓace kamar ban zo ba, zai iya ɗauka idonsa ne ya yi masa gizo. Sai da na hau kwalta hankalina ya dawo, na ga abin yadda yake: na leƙa gidan surukina ta kan danga, na gan shi a halin da bai so a gan shi ba, na juya na tafi kamar ɓarawo. Garin neman gira na rasa ido. Da na fito na durƙusa a bakin zaure na yi sallama na jira, da kunyar ta tsaya a kan gani kawai. Na tsaya a gefen hanya na daɗe riƙe da sitiyari, ina son komawa, ƙafata ta ƙi.

Da na faɗa wa Hadiyya, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna ta gaya mini abin da kowa a gidansu ya sani ban da ni. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, kuma shi da kansa ya hana a faɗa wa surukai da ɗalibai. Ta ce duk zuwan da nake yi, tun daga kwalbati suke jin Mai Shela, kuma wannan tazarar ce take isar Inna da Idirisu su ɗauke shi su kai zaure, su naɗa masa rawani, su buɗe littafi, su saka hannun cikin riga. Ta ce ko ban lura ba, duk lokacin da na ce zan kai salansar a gyara sai ta ce a bari sai wani wata. Na lura, amma na ɗauka tattali take yi. Na yi shekaru ina koya wa yara a ɗakin labarai cewa aikinmu shi ne ganin abin da ke gabanmu, ga shi na zauna gaban mutum sau da yawa ban tambayi kaina me ya sa ya daina miƙo mini hannu ba.

Na tambaye ta asibiti fa. Ta ce a nan gizo yake saƙa. Wani malamin lafiya ya duba shi a gida, ya ba da maganin hawan jini, ya ce lallai a kai shi Dutse wurin likita da masu gashin ƙashi, kuma duk jinkirin da aka ƙara yana rage abin da hannun da ƙafar za su iya dawowa da shi. Baffa ya ƙi. Dalilinsa shi ne duk motar da ta shigo ƙauyen sai an fito an kewaye ta, shi kuwa ba za a ɗauko shi ranga-ranga a gaban mutanen da ya koya wa alwala ba. Idirisu ya yi masa maganar cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya ce masa shi ba a tsakiyar kasuwa yake wankansa ba. Tun daga nan ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Washegari na aika Hadiyya da goro da turare da ban haƙuri, domin ni ba ni da idon da zan kai. Ta dawo ta ce Inna ta karɓa, ta ce ba komai, Allah ne ya ƙaddara. Baffa kuwa da aka faɗa masa sai ya juya fuskarsa bango. Ka san shirunsa. Na fi son ya aiko a zage ni. Kwana biyu na kasa cin abincin kirki, kuma duk lokacin da na fito na ga motar a tsakar gida sai in ji kamar ita ma shaida ce a kaina. Na sani sarai ba laifinta ba ne. Ƙarfe ne da batir. Amma na fahimci wani abu da ban gani a duk ƙasidun da na karanta kan irin waɗannan motoci ba. Su can suna lissafa rashin ƙara cikin alherinta. Mu nan ƙarar inji ta daɗe tana yi mana wani aiki ba mu sani ba: ita ce sallamar farko, mai ba mace damar jawo mayafi, mai ba dattijo damar gyara zama. Wanda zai hau motar da ba ta yi, dole ya koyi tsayawa nesa ya ƙarasa da ƙafa. Ni ban koya ba sai da na yi ɓarna.

Na faɗa maka wannan ne don kai yayana ne kuma ɗalibinsa, kuma Hadiyya ta yarda in faɗa maka kai kaɗai. Ina roƙonka ya tsaya tsakaninmu, ko Hajiya ba ta sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan kana da shawara kan yadda zan koma gabansa, ina buƙatarta fiye da shawarar mota. Idan kuma ka kira shi, ka gaishe shi yadda ka saba, kada muryarka ta nuna ka ji wani abu.

Akwai abu ɗaya da ya hana ni ce wa Alhaji Zailani na fasa. Jiya da rana Idirisu ya kira ni. Ya ce yana gyara wa Baffa shimfiɗa, ba tare da an yi zancen komai ba, sai Baffa ya tambaye shi ko motar nan ta mijin Hadiyya da gaske ba ta da murya ko kaɗan. Idirisu ya ce masa haka ne. Ya sake tambaya ko za ta iya zuwa har ƙofar baya, wajen garke, lokacin da mutane suke gona. Idirisu ya ce za ta iya. Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Idirisu, cike da murna, ya fassara wannan da cewa Baffa ya yarda a kai shi asibiti. Ni ban kai nan ba tukuna. Majiya ɗaya ce, kuma mai son abin ya tabbata. Mai yiwuwa tambaya ce kawai ta mutumin da yake son sanin yadda aka yi aka shammace shi. Duk da haka na kira Alhaji Zailani na roƙe shi ya ƙara ba ni aron motar ranar Laraba, ban faɗa masa dalili ba. Ya yi dariya ya ce wanda ya ɗanɗana zuma ba ya komawa maɗi, ya ce in aiko a ɗauka. Idan tafiyar ta yiwu, gashi ba na rana ɗaya ba ne, za a riƙa zuwa ana dawowa har watanni, kuma ba zan yi ta aron motar mutane ba. A nan ne zan ce maka ka lodo. Idan ba ta yiwu ba, ban san ko zan iya sake shiga layin darbejiyar nan da irinta ba.

Ka gaida Yaya Safara'u da kyau, ka ce Hadiyya tana godiya da atamfar. Ka shafa mini kan Nasrullahi da Safa, ka ce su dage da Hausa kada su dawo mana da yaren da ba mai amsa musu. Hajiya tana sa muku albarka, Kawu Habibullahi na Garki ma ya ce in isar da gaisuwarsa. Ka sa Baffa Modibbo cikin addu'a, ni ma ka sa ni.

Hadiyya ta tafi ƙauyen yau da safe a motar haya don ta ji daga bakin Inna. Har na rufe wannan takarda ba ta kira ba, kuma Baffa bai ce a zo ba, bai ce kada a zo ba.

Wassalam. Ni ne ƙaninka,
Maharazu.