Atishawa a Gaban Madubi

Maman yara,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yara da makaranta? Ni dai da sauƙi, in ban da tsoro.

Kin sha tambayata aikin me nake yi. Bututu ne guda biyu, kowanne kilomita uku, da madubai a rataye ciki, wani haske mai ƙarfi yana kai-komo tsakaninsu. Idan manyan taurari suka yi karo can nesa, sarari da kansa yakan girgiza, girgizar ta iso nan ta motsa madubi, motsin da bai kai komai ba. Shi masanan da nake wa aiki ke saurare. Ni nawa ɗaure ƙusa ne. Shekara tara, ba wanda ya san ƙauyenmu, amma ba su taɓa cutata ba.

Ranar da muka rataye sabon madubi, tabarau ɗina ya yi gumi, na janye takunkumin fuska, sai atishawa ta kufce mini. Ba wanda ya gani. Aka rufe bututu, aka yi mako biyar ana zuƙe iska. Litinin za a kunna hasken da ƙarfinsa duka. In ɗigon yawu na nan, hasken zai ƙone madubin da aka yi shekara biyu ana gogewa. In na faɗa, wataƙila takarduna na zama a ƙasar nan sun tafi.

Kar Inna ta ji.

Mijinki.

*

Maman yara,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na faɗa wa shugabarmu. Ba ta yi faɗa ba, kujera ta nema ta zauna. Da zagina ta yi, da ya fi mini. Ta sa aka buɗe bututun.

Kwana huɗu da buɗewa, girgizar ta zo, irin wadda ta yi shekara ashirin tana jira. Inji irin namu na wata ƙasa ya ji, amma kunne ɗaya ba ya nuna inda sauti ya fito. Da namu na aiki, da an san inda za a juya na'urar hangen nesa. Yanzu hasken karon ya dushe.

Jiya aka duba madubin. Tas yake, ko ɗigo babu.

Kwamiti zai zauna a kan maganata Alhamis. A ɗakin cin abinci ba wanda ya tsangwame ni, sai dai benci ya yi mini faɗi. Shugabar ta ce za ta shaida musu na yi daidai, na kuma yarda za ta yi.

Ki share ɗakin baya, ko da na dawo. Ku sa ni a addu'a.

Mijinki.