Layin da Na Soke da Jan Biro

Litinin, 2 ga Oktoba

An koma aji. Shekara ashirin da tara ke nan ina koya wa yara yadda ake tantance na'urar asibiti kafin a bari ta taɓa jikin mutum. Bana su talatin da ɗaya ne, rabinsu ido na kan waya. Na ɗaga injin ƙarin ruwa na tambaye su abin da za su fara son sani a kansa. Wani daga baya ya ce, "Inda ake kunnawa, Farfesa." Aka yi dariya. Ni ma na yi, ai ba ƙarya ya yi ba.

Tari bai tafi ba. Shekara arba'in da ɗaya a Romaniya, har yau sanyin Oktoba ƙirjina yake fara gaisarwa.

Talata, 10 ga Oktoba

Ilinca ta kawo kundinta na digiri na uku. Ɗalibata ce, kuma ban taɓa samun kamarta ba, ko da yake ban taɓa gaya mata haka ba. Shekara huɗu tana ƙera 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta faɗi yawan iskar da ke cikin jini. Tata mai sauƙi ce, don ƙananan asibitocin ƙauye irin nasu. An sa ranar 8 ga Disamba ta kare aikin a gaban kwamiti. Asibitin lardi ya ajiye mata kujerar injiniyan kayan aiki, da sharaɗin ta gama kafin ƙarshen shekara, in ba haka ba su ba wani. Sa hannuna kaɗai ya rage.

Ta ce uwarta ta riga ta jiƙa kabeji don sarmale, naɗin kabeji da nama da za a ajiye a teburin kwamiti. "Naka da naman sa za ta yi, tukunya daban. Ta ce kada ka zo kana shinshinawa kamar bara."

Ta bar mini na'ura ɗaya in yi wasa da ita.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Zazzaɓi. Ban je aji ba.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na je wurin Viorica, likitar ƙirji, wadda muka yi makaranta tare. Kafin ta amsa gaisuwata ta zare kwalin taba daga aljihuna ta jefa a kwando.

"Isac, kai dai tsohon jaki ne. Zauna."

Ita ma, kamar kowa a nan, ta kasa cewa Isyaku tun 1982.

Tana ɗibar jini daga jijiyar wuyan hannuna na maƙala na'urar Ilinca a yatsa, don kawai in yi mata alfahari da ɗalibata. Na'urar ta nuna casa'in da shida. Sakamakon jini ya fito casa'in daidai.

Viorica ta ce yatsana ne ya yi sanyi. Na murza, na ɗumama, na sake. Casa'in da shida. Ta cire ta sa a nata yatsan, ta kwatanta da babbar na'urar ɗakin, suka yi daidai.

Dukanmu mun san irin waɗannan na'urori da haske suke leƙa jini, kuma baƙar fata kan rage hasken, sai lamba ta fito sama da gaskiya. Na karanta wannan sau nawa? A casa'in da shida sallamar mutum ake yi ya tafi gida. A casa'in, ana fara neman tukunyar iska.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na wuni kan kundin. An gwada na'urar a kan mutum sittin da biyu. An rubuta shekarunsu, nauyinsu, kaurin yatsa, har masu fenti a farce. Babu gurbin launin fata. Sunayen duk na 'yan ƙasar nan ne, ɗalibai da ma'aikatan sashe da 'yan uwansu.

Raina ya ɓaci da Ilinca sosai. Har na fara rubuta mata saƙo mai zafi. Wani abu ya tsaya mini a rai, na goge.

Litinin, 23 ga Oktoba

Na buɗe kabad ɗin ofis na zaƙulo tsarin gwajin da ta kawo mini shekara uku da suka wuce. Shafi na huɗu, layi na bakwai: "Aƙalla mutum goma sha biyar masu duhun fata." An soke layin da jan biro, sau biyu. A gefe an rubuta, "Ba dole ba." Rubutuna ne.

Na tuna ranar sarai, ƙarya nake in na ce na manta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu ta ce, "Farfesa, ko za ka yarda ka shiga cikin waɗanda za a gwada? Kuma ka haɗa ni da ɗaliban Afirka, kai za su fi jin maganarka." Na ce mata ni malaminta ne, ba ɓeran ɗakin gwaji ba, kuma ba ni ne sarkin baƙaƙen garin nan ba. Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ba ni haƙuri sau uku. Ita ta ba ni haƙuri!

Abin da ba ta sani ba, a shekarata ta biyu a ƙasar nan wani babban likita ya tsayar da ni a barandar asibiti, ya kira ɗalibansa kusan ashirin, ya juya tafin hannuna, ya ja leɓena ƙasa yana nuna musu dasashi. Bai tambayi sunana ba. Wata yarinya ta goga yatsa a kumatuna ta duba. Mutumin ya mutu tuni, ni kuma na riƙe abin shekara talatin da wani abu, na sauke shi a kan yarinyar da ta yi tambayar da ta dace.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na kai wa Octavian, shugaban sashe, kundin da sakamakon jinina. Ya karanta, ya cire tabarau, ya zuba mana kofi.

"Tsoho, ka ƙara jimla ɗaya a shafin ƙarshe, ka ce ana buƙatar ƙarin bincike. Kowa haka yake yi. A ƙauyensu wane baƙi za ta gwada, hankaka?"

Na ce ya leƙa taga. Masu kai abinci a kan keke 'yan Sri Lanka ne, masu ginin sabon ɗakin karatu 'yan Nepal. In ɗayansu ya faɗi, asibitin lardi za a kai shi. Kuma shafi na farko cewa ya yi na'urar ta dace da kowane baligi.

"To a gyara jimlar."

"A kan takarda. A jikin na'urar fa? Nas za ta buɗe kundi shafi ɗari biyu kafin ta maƙala?"

Ya ce sake gwaji wata takwas ne in an yi sauri, da neman izini da komai. Ya ce, "Za ka kashe wa yarinya aiki don ka wanke kanka. Ka yi tunani, wa zai ji daɗi, ita ko kai?"

Maganar ta shige ni. Octavian ba mugu ba ne. Shi ya tsaya mini lokacin da aka so ba wani kujerata. Yana son a zauna lafiya ne kawai, kuma a wannan karon rabin abin da ya faɗa gaskiya ne.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Na ɗauki biro sau biyu don in sa hannu. Na ajiye.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Na gaya wa Ilinca.

Na ajiye sakamakon jinina da shafi na huɗu a gabanta. Ta daɗe tana kallon jan layin. Na zaci kuka za ta yi. Ba ta yi ba.

"Ni na zo na roƙe ka."

Na ce na sani.

"Ka kore ni kamar na zagi uwarka. Wata guda ina tsoron bi ta ƙofar nan."

Na ce na sani.

"Ka daina cewa ka sani! Babana ya riga ya kama mota, mutum goma sha huɗu za su zo daga ƙauye. Kakata ta ɗinka riga. Me zan ce musu? Farfesa ya tuna shi baƙi ne?"

Na cancanta.

Can ta tambaya a hankali ko bambancin shida ne da gaske. Na ce shida. Ta lumshe ido, na ga tana lissafi a kanta, domin injiniya ce ko tana fushi. Sai ta ce, "Ka sa hannu dai. Na rantse zan gyara bayan na kama aiki."

Na yarda za ta gyara. Amma da zarar kwamiti ya amince, lardi zai rarraba na'urar guda arba'in na gwaji a ƙauyuka, da sunanta a jiki. Na ce ba zan sa ba.

Ta kwashe takardunta. A bakin ƙofa ta ce, "Kai ka yi kuskure, ni zan biya. A haka kuke koyar da adalci?"

Laraba, 8 ga Nuwamba

Na rubuta wa kwamiti cewa ɗaliba ta sa sharaɗin a tsarinta, ni na cire, ba da wani dalili na ilimi ba. Na liƙa hoton shafin. Octavian ya ce in sassauta kalmomin, don wasiƙar za ta zauna a fayil ɗina har in yi ritaya. Na ce ta zauna.

Na kira asibitin lardi na roƙi su jira ta zuwa bazara. Shugaban ya yi mini ladabi sosai, ya ce a'a.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Sun ba wani yaro daga Bucharest kujerar. An ce ba laifi, ya san aiki.

Na haɗu da Ilinca a matakala. Ko kallo ban ishe ta ba.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Na je sallar Juma'a a ɗakin da ɗalibai baƙi suke haya bayan tashar jirgi. Rabona da wurin ya fi shekara goma. Kullum ina ce wa kaina aiki ne ya hana. Gaskiyar ita ce ba na son su gan ni su ga abin da za su zama in sun daɗe.

Bayan sallama na miƙe na yi bayani. Na ce allura ce a wuyan hannu, tana da zafi, kuma duk wanda ba ya so kada ya ji kunyar ƙi. Wani dogo mai karatun likitan haƙori ya karkace kai ya ce da Hausa, "Baba, wai kai ɗan ina ne?"

Na ce Malumfashi. Ya ce shi ɗan Maraɗi ne, sunansa Laminu.

"Shekara uku ina ganinka a tasha kana haɗe rai, na ɗauka ɗan sandan ciki ne. To Baba, mu za a tsotse wa jini, kai kana gefe da farar riga?"

Na ce da ni za a fara.

"In ka yi ƙara fa?"

Na ce ya ɗauka a waya ya aika Maraɗi. Suka kwashe da dariya, har waɗanda ba su ji Hausar ba. Mutum tara sun rubuta suna. Laminu ya ce zai yi magana da 'yan Sudan da masu keke. Hausata ta yi tsatsa, sau biyu yana gyara mini.

Juma'a, 8 ga Disamba

Yau ce ranar. Na wuce ta gaban zauren, a kulle, ba fure, ba teburi.

Na tura wa Ilinca sunaye ashirin da ɗaya. Ta buɗe saƙon. Ba amsa.

Talata, 20 ga Fabrairu

Izinin sake gwajin ya fito makon jiya. Yau aka fara, a ɗakin Viorica. Ilinca tana koyar da lissafi a wata sakandare yanzu, ta ɗauki hutun rabin yini ta zo. Ta rame.

Ni ne na farko. Sauran sai an sa musu abin rufe hanci an rage musu iska. Viorica ta nuna ni ta ce, "Wannan ba sai mun wahala ba, taba ta gama mana aikin."

Ilinca ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Hannu, Farfesa." Ta maƙala mini na'urar da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Nas ta soka sau biyu kafin ta samu jijiya. Ban yi ƙara ba, Laminu na bakin ƙofa da waya a ɗage.

Casa'in da bakwai a yatsa, casa'in da biyu a jini. Ta rubuta. Ta tambayi shekaruna da nauyina kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ɗora wani kati mai launuka a bayan hannuna ta zaɓi na biyun ƙarshe. Na ce ina ganin na ƙarshen ne. Ta ce ba a tambaye ni ba.

Ina sa riga ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Alhamis ma ka zo. Sau uku nake buƙata."

Na ce ina da aji ranar Alhamis.

"Na duba. Ba ka da shi."

Kujerar dai ta tafi, ba abin da zai dawo da ita, kuma ban ga alamar yarinyar za ta yafe ba. Wuyan hannuna ya kumbura, da ƙyar nake riƙe biro. Zan je Alhamis. Ba don komai ba, awo ɗaya ba ya isa rahoto.